Sau biyu Baba yana juyawa daga ƙofar lambun Ninfa, sai a na uku ya shiga

Mafarin lamarin

Dattijon da zan ba da labarinsa ɗan shekara 71 ne, tsohon malamin gona daga wajajen Zariya, ba zan kama sunansa ba, mu dai Baba muke ce masa. Ɗansa na fari yana karatun digiri na uku a birnin Rum, ni kuma maƙwabcin ɗan ne, na ɗan daɗe a Italiya, ina da wata tsohuwar mota da nake lallaɓawa zuwa aiki. Baba ya sauka a tsakiyar watan Fabrairu da bizar kwana 90, ke nan tsakiyar Mayu dole ya tattara ya koma gida.

Abin da ya kawo shi ganin jika ne da aka haifa, amma tun kafin ya taso wani tsohon abokin aikinsa ya turo masa bidiyo ta WhatsApp, na wani lambu da aka shuka a cikin kufan wani tsohon gari, bangaye duk sun zube furanni sun haye su, ga ruwa garai-garai yana ratsa tsakiya. Sunan wurin Ninfa. To shi Baba akwai kufan gidan kakansu a ƙauye da ya daɗe yana damunsa, soro ya rufta, katanga ta zube rabi, awaki ne kawai ke kwana a ciki, kuma tun da ya yi ritaya yake tunanin ya mai da wurin garka. Shi ya sa bidiyon ya tsaya masa a rai. Kwana biyu da saukarsa ya ce da ɗan, ba tare da ya kalle shi ba kamar yadda ya saba da ɗan fari, "kai, wurin nan na cikin waya, ka san inda yake?"

Abubuwa uku ne ya kamata a riƙe tun daga nan: gwiwarsa ta dama tana ciwo, ba ya jin Italiyanci ko kalma ɗaya, sannan lokacinsa ƙidayayye ne.

Shi lambun yana kudu maso gabas da Rum, kusan kilomita 70, a yankin ƙaramar hukumar Cisterna di Latina, a gindin duwatsun Lepini, garin Norma yana saman dutse yana leƙo shi, Sermoneta kuma tana gefe. Girmansa hekta 8 ne, kuma akwai tsirrai wajen iri 1,300 a ciki.

Zuwa na farko: wata Talata a ƙarshen Fabrairu

Ɗan ya duba taswira a waya, ya ga wurin ba nisa, ya ɗauka irin wuraren shaƙatawar cikin Rum ne da kake zuwa ka biya ka shiga. Ranar ba shi da aji, suka hau jirgin ƙasa daga babbar tashar Termini, minti arba'in bai cika ba suka sauka a tashar Latina. Abin da baƙo ba ya sani shi ne tashar ba a cikin garin Latina take ba, tana can wata unguwa da ake kira Latina Scalo, daga nan zuwa lambun bai kai kilomita 10 ba amma ba tafiyar ƙafa ba ce ga dattijo. Suka ɗauki tasi. Direban ma ya yi wata magana da suka shiga, ɗan ya ce bai gane sosai ba saboda mutumin yana sauri, sai da suka isa ya fahimci abin da yake cewa: a rufe yake.

Lambun ba ya buɗewa da hunturu. Lokacinsa daga wajen ƙarshen Maris ne zuwa farkon Nuwamba, kuma ko a cikin lokacin ba kullum ba, ranaku ne ake warewa, galibi Asabar da Lahadi da ranakun hutun ƙasa. Suka tsaya a bakin hanya kamar minti goma, suna hango hasumiyar tsohuwar fadar garin da ke cikin lambun, mai tsawon kusan mita 32, Baba ya ɗauki hoto ɗaya, suka koma cikin tasin da ta kawo su. Zuwa da dawowa sun ɓata kusan awa huɗu, ga kuɗin jirgi ga na tasi sawu biyu. Baba bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "ai mun ga hanya".

Zuwa na biyu: Lahadi, farkon Afrilu

Wannan karon ɗan ya duba jadawalin ranakun buɗewa, ya tabbatar ranar a buɗe take. Abin da bai yi ba shi ne sayen tikiti ta intanet tun kafin ranar, ya ce shi a tunaninsa in dai a buɗe yake ai ba za a rasa wurin mutum biyu ba. Sannan ba su fita da wuri ba saboda jaririn ya hana kowa barci, sai wajen sha ɗaya da rabi suka isa.

Shi kuwa Ninfa ba a shiga a yi ta yawo yadda aka ga dama. Rukuni-rukuni ake shiga, kowane rukuni da lokacinsa da mai yi masa jagora, ana bin hanya ɗaya, kamar awa ɗaya an fito. Farkon Afrilu kuma lokacin furen ceri da magnoliya ne, mutanen Rum da Napoli duk sun san haka, motoci sun cika filin ajiye mota har da manyan bas-bas. Gurbin ranar duk an kama. Suka zauna jiran ko wani zai fasa zuwa, har ƙarfe biyu ta wuce ba labari.

Inda abin ya ɓaci shi ne komawa. Sun sallami tasin da ta kawo su, ranar Lahadi ce kuma ƙauye ne, ɗan ya yi ta kira ba a samu mota kusa ba, sai Baba ya ce su fara takawa a hankali maimakon zama. Sun yi kamar kilomita biyu a gefen kwalta, ba inuwar kirki, kafin a samu motar da ta zo ta ɗauke su. Da daddare gwiwar ta kumbura suntum, ni na kai su kemis aka sayo maganin shafawa da bandeji, washegari likita ya ce a huta da ƙafar sati biyu. A ranar sauran kwana 40 da 'yan kai bizar ta ƙare.

Sati biyu a kwance, da tarihin da ya karanta

Ɗan ya buga masa tarihin wurin da Turanci a takarda, shafi goma sha wani abu, don ya rage zaman kaɗaici. Turancin Baba irin na tsofaffin ma'aikata ne, mai kyau, ya zauna da biro yana ja wa layuka layi, in na shigo gaishe shi da yamma sai ya tsare ni da labari kamar ni ne baƙon.

Abin da ya fi kama shi yadda garin ya yi arziki da yadda ya mutu. Babbar hanyar Rumawa ta da, Via Appia, ta bi ta tsakiyar fadamar Pontina ne, to da ruwa ya cinye ta sai matafiya suka koma bin gindin dutse, Ninfa kuwa a kan wannan hanyar ta gindin dutse take, duk mai wucewa sai ya biya kuɗin fito, ga injinan niƙa da ruwan kogin ke juyawa. Baba ya ce wannan ai labarin zango ne a hanyar fatake, ba wani abu sabo ba. Garin ya kai yana da gidaje sama da 150, ganuwa mai tsawon kusan mita 1,400, da coci-coci da dama, a ɗaya daga cikinsu, Santa Maria Maggiore, aka naɗa Fafaroma Alexander na 3 a 1159 saboda Rum ba ta zaunu masa ba a lokacin. A ƙarshen ƙarni na 13 dangin Caetani (Kayetani ake faɗa) suka saye garin, lokacin ɗan gidansu Boniface na 8 yana kan kujerar Fafaroma. A farkon shekarun 1380, lokacin rikicin da aka samu Fafaroma biyu kowa na cewa shi ne, aka far wa garin aka rushe shi, kuma rigimar har da ta cikin gida tsakanin su Caetani ɗin.

An rushe garuruwa da yawa an sake gina su, amma Ninfa ba ta tashi ba, kuma dalilin shi ne sauro. Zazzaɓin cizon sauro na fadamar ya hana kowa dawowa ya zauna. Nan Baba ya ajiye takarda ya ce "ashe su ma ya ci su". Ya ci su kuwa, ita kanta kalmar maleriya daga Italiyanci ta fito, ma'anarta mummunar iska, don a da sun ɗauka tururin fadama ne ke kawo ciwon. A ƙarni na 16 wani Kadinal, wato babban limamin cocin Katolika, ɗan gidan Caetani, ya sa an yi ƙaramin lambu mai katanga kusa da fadar, a ƙarni na 17 wani Francesco Caetani mai son furanni ya ƙara gyara shi, duk zazzaɓi ya sa aka watsar. Fafaroma Pius na 6 ya haƙa babbar magudana a gefen Via Appia a ƙarshen ƙarni na 18, ta rage ruwa amma ba ta kashe sauro ba. A ƙarni na 19 masanin tarihin nan Bajamushe Ferdinand Gregorovius ya zo ya tarar da gari sarƙaƙiya ta rufe shi ruf, ya kira shi Pompei na tsakiyar zamani, yana kwatanta shi da tsohon garin Rumawan nan da aman wutar dutse ya binne. Sai a shekarun 1920 da 1930 aka janye ruwan fadamar gadan-gadan, a kan busasshiyar ƙasar ne ma aka kafa garin Latina a 1932, da sunan Littoria a lokacin, kuma sai 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Italiya ta rabu da maleriya.

Dabarar canji, wadda ba ta ci ba

Da ƙafar ta yi sauƙi ɗan ya so ya rufe maganar da wani wurin, don shi gaskiya kunya ta kama shi, kuma yana tsoron a sake yin na uku a banza. Ya kai Baba lambun tsirrai na jami'ar Sapienza da ke unguwar Trastevere a cikin Rum, hekta 12, yana wurin tun 1883, ana shiga ba sai an kama gurbi ba. Wuri ne mai kyau, kowane itace da allon sunansa, amma a jikin tudun Gianicolo yake, rabin sama Baba bai iya hawa ba. Da suka dawo na tambaye shi, ya ce "makaranta ce, na ga irinta, ni ba sunan itace na zo karantawa ba, so nake in ga yadda shuka take zama da tsohon bango ba ta kayar da shi ba". Shi ke nan aka gane canji ba zai yi ba.

Shirin zuwa na uku

A nan ne na shigo cikin lamarin. Muka zauna da ɗan a daren wata Juma'a a ƙarshen Afrilu muka duba jadawali, muka tsallake 25 ga Afrilu da 1 ga Mayu don ranakun hutu ne cunkoso ya fi yawa, muka sayi tikiti uku ta intanet na Asabar ta biyu a watan Mayu, rukunin safe na farko-farko. Kwana biyar ke nan kafin jirgin Baba, in an sake kuskure babu na huɗu. Jirgin ƙasa da tasi muka soke su gaba ɗaya, ni zan tuƙa. Aka sayo sanda mai naɗewa da takalmi mai taushi, don silifas ya sa a zuwa na biyu. Ɗan ya bi sharuɗɗan shiga ya karanta su tsaf, ya kuma haddace sunayen wasu itatuwa da Italiyanci, tunda jagorar da yaren za a yi shi kuma zai riƙa juya wa Baba a kunne. Baba shi ma ya rubuta tambayoyi huɗu a ɗan littafinsa na aljihu, ya ce kada ya shiga kallo ya ɗauke masa hankali ya manta abin da ya kawo shi.

Ranar shiga

Mun bar Rum bakwai da kwata, awa ɗaya da 'yan mintuna muka isa, muka yi jiran kusan rabin awa a mota Baba na shan shayi daga fulas. Rukuninmu bai cika mutane sosai ba, wata matashiya ce ke jagora, da ta ga sandar sai ta ce Baba ya riƙa tafiya kusa da ita, ke nan saurinsa ne ya zama saurin kowa. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara.

Ceri da magnoliya sun riga sun zubar da fure, wannan ya wuce shi tun Afrilu, amma mun faɗo daidai lokacin wardi. Wallahi ban taɓa ganin wardi ya hau itace haka ba, ya bi dogayen itatuwan saifires har can sama ya zubo, wani ya lulluɓe bangon gidan da ba rufi ya leƙo ta taga. A kufan Santa Maria Maggiore bangon gaba mai lanƙwasa yana tsaye, da ragowar zane a jikinsa da ya dushe. Kowa na ɗaga waya sama, shi Baba ƙasa yake kallo. Kogin Ninfa daga idon ruwa yake fitowa a gindin dutsen, ya taru a ɗan tafki bayan fadar, sannan ya ratsa lambun, an kuma yanka masa ƙananan hanyoyi ko'ina kamar na masu noman rani. A bakin wata 'yar magudana da ba ta fi taku ɗaya ba ya durƙusa ya sa hannu, ya ce sanyi kamar na randa, ya tsaya yana kallon ciyawar ƙarƙashin ruwan tana kwantawa gefe ɗaya, sai da muka kama shi mu biyu kafin ya miƙe.

Ita jagorar ta ba da labarin masu lambun a taƙaice. Gelasio Caetani, injiniyan haƙar ma'adinai wanda ya yi jakadan Italiya a Amurka, shi ya fara sare sarƙaƙiyar a 1921, ya gyara hasumiya da tsohon zauren gari ya mai da shi gidan zama, ya dasa manyan itatuwa, mahaifiyarsa Ada, Baturiyar Ingila, ita ta fara dasa wardi a gindin bangaye. Bayan rasuwarsa a 1934 ɗan'uwansa Roffredo da matarsa Marguerite, Ba'amurkiya, suka ci gaba. 'Yarsu Lelia mai zane ce, ita ta tsara launukan, ta kuma ƙi yarda da magungunan feshi masu gurɓata ruwa. Ɗan'uwanta namiji ya mutu a yaƙi a 1940, ita kuma ba ta haihu ba, don haka a 1972 ta kafa gidauniya da sunan mahaifinta ta damƙa mata wurin, ta rasu a 1977, gidan ya ƙare a kanta. A 2000 jihar Lazio ta sa wurin cikin wuraren da doka ta kare.

Tambayar Baba ta farko ita ce me ya sa ayaba da fiya da gora suke yi a nan alhali ƙasar sanyi ce. Amsar ita ce dutsen Norma yana tare iskar arewa, ruwan idon kuma sanyinsa kusan ɗaya ne rani da damina, shi ke sassauta yanayin wurin. Ta biyu a kan saiwa da bango ce, ta ce aiki ne da ba ya ƙarewa, ana bi ana cire abin da zai fasa gini ana barin wanda zai hau kawai, magina kuma suna bin bangayen suna ɗaure su. Sauran tambayoyi biyun bai yi su ba, ya ce idonsa ya ba shi amsa. Ya ƙwanƙwasa wani bango da bayan yatsa, dutse ne da farar ƙasa. A cikin kurmin gorar da ke kewaye da wani ƙaramin idon ruwa ya ɗaga kai ya ce wannan in a gida ne da tuni an sare an yi rumfa. Awa ɗaya da minti goma muka fito, gwiwar ba ta kumbura ba, muka hau Sermoneta muka ci abinci, ya yi azahar a gefen mota.

Abin da na gani a lamarin

Zuwa biyun farko ba laifin kowa ba ne sai rashin tambaya. Na farko an tafi ba a duba lokaci ba, na biyu an duba rana an bar gurbi, aka kuma sallami mota a wurin da ba a samun wata, kuma wannan na ƙarshen shi ya fi tsada don ya ci sati biyu cikin kwana 90. Na uku ya yi ne don an sayi tikiti da wuri, an zaɓi safiya, an zo da motar kai, sannan an yi lissafi da gwiwar maimakon a yi kamar babu ita. Karatun da ya yi a kwance ma ya taimaka fiye da yadda muka zata, da ya shiga a Fabrairu da hoto kawai zai ɗauka.

Ni da farko haushin tsarin nasu nake ji, ina cewa wane irin lambu ne sai an yi masa layi kamar ganin likita. Da na shiga na sauka daga wannan ra'ayin. Hekta 8 ne kacal, hanyoyin ƙanana, bangayen sun haura shekara 600 ba rufi, gefen magudanun kuma ƙasa ce mai laushi, in aka saki mutanen da na gani a filin mota su shiga lokaci ɗaya kullum, shekara biyu ta isa a tattake shi. Inda nake ganin da gyara shi ne sufuri, wanda ba shi da mota yana shan wuya tsakanin tasha da lambun, dattijo kuma ya fi kowa.

Game da kufan gidan kakansu, Baba ya fasa abin da ya zo da shi a rai. A hanyar dawowa ya ce bangonsu na tubali ne, in ya dasa mai hawa a jikinsa yana ba shi ruwa damina biyu za ta kwantar da shi, kuma shi ba shi da idon ruwa sai tsohuwar rijiya da ke ja baya a watan Maris. Abin da ya rubuta a littafin shi ne a yashe rijiyar tukuna, a yi shinge saboda awaki, a dasa lemo da gwaba da zogale taku goma nesa da katangar, ita kuma katangar a yi mata yaɓe a bar ta yadda take. Ranar Alhamis muka kai shi filin jirgi, sandar tana cikin jakar hannunsa.